Ba gas ne ya ƙare ba, Alhaji: kurakuran da muke yi da AC a garin da iskarsa ruwa ce

Na koyi gyaran AC a Kano, shekara shida ina riƙe wa maigidana tsani ina miƙo sifana, daga baya neman abinci ya kawo ni Legas, yanzu ina zaune a Agege ina zagaya gidajen mutanenmu daga Idi-Araba har Obalende har cikin Lekki in ta kama. Kuma wallahi yawancin kiran da ake min da magana ɗaya yake farawa, "Injiniya ka taho da gas, gas ɗin AC na ya ƙare." Ban ga na'urar ba, ban taɓa ta ba, amma an riga an yi mata hukunci an rubuta mata magani, ni kawai ɗan aike ne da zan kawo tulu.

Toh bari mu fara da nan tunda nan kuɗin mutane ya fi zurarewa. Gas ɗin AC ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa, ba kuma fetur ba ne. Zagaye yake yi a cikin fayif a rufe ruf, ya ɗebo zafi daga ɗaki ya kai waje ya zubar ya dawo, haka zai yi ta yi shekara da shekaru ba tare da ya ragu ba. In ka ga ya ragu to wani wuri ne ke yoyo, shikenan, babu wata magana bayan wannan. Wanda duk ya zo ya ɗura maka gas ya karɓi kuɗi ya tafi bai nemi inda yake fita ba, ruwa ya zuba maka a kwando, nan da wata biyu ko uku zaka sake kiransa, shi kuma abun da yake so kenan. Galibi yoyon a bakin noti yake, wurin da aka ɗaure fayif ɗin jan ƙarfe da na'urar ciki ko ta waje, kuma gwajin ba wani abun wahala ba ne, kumfar omo ake shafawa a wurin, in akwai yoyo zaka ga kumfar tana hura balan-balan. Wani lokacin ma tun kafin kumfa zaka ga maiƙo-maiƙo a jikin notin ƙura ta manne, saboda man kwamfireso, injin nan na cikin na'urar waje da ke tura gas, tare yake fita da gas ɗin. Ka ce wa mai gyaran ya nuna maka wurin da idonka, ya gyara bakin fayif ɗin, sannan a yi maganar ɗuri. In ya fara kame-kame yana cewa ai dama gas yana ƙarewa duk shekara, ka ba shi kuɗin mota ya kama gabansa.

Amma ba ma a nan gizo ke saƙa ba, don sau da yawa gas ɗin yana nan lafiyarsa lau. Wata Hajiya ta kira ni wani gida nan bayan kasuwa, wai sau biyu ana sa mata gas a wata huɗu amma ɗakin kamar gidan burodi. Na hau kujera na ɗaga murfin gaba na zaro filta, ragar nan ta roba da ke bayan murfin, sai ga ta kamar an shimfiɗa mata bargo, ƙura da zaren kaya da hayaƙin turaren wuta sun haɗu da danshi sun zama wani abu launin toka mai kauri da zaka iya ɓare shi da yatsa kamar ɓawon rogo. Na ɗaga ta saitin taga, ko ɗigon haske baya wucewa. Na ce Hajiya yaushe rabon da a wanke wannan, ta ce "au, dama ana cirewa?" Shekara uku da sa AC ɗin. Ban ga laifinta ba, wanda ya sa mata ne bai nuna mata ba, masu zuwa ɗurin gas ɗin kuma ba zasu nuna mata ba.

Filta in ta toshe iska bata samun hanyar bi ta cikin ƙarafunan sanyi da ke bayanta, sai sanyin ya taru a wuri ɗaya ruwan da ke jiki ya daskare, ka ga ƙanƙara ta lulluɓe ciki, iska ta ƙara raguwa, kwamfireso yana ta aiki a waje mita tana gudu ɗaki kuma babu sanyi. Mutane suna ganin ƙanƙarar nan su ce lallai AC ɗin nan yana da ƙarfi, har ƙanƙara yake yi. A'a, rashin lafiya ce. Ko filta ce ta toshe ko fankar ciki ta yi datti, ko kuma da gaske gas ya yi ƙasa, amma a fara da duba mai arha. Kuma dan Allah kar a sa wuƙa ko cokali a kankare, ƙarafunan nan siraran gaske ne, huda ɗaya ta ishe ka asara. Ka kashe sanyin ka bar fanka kawai tana kaɗawa, zata narke da kanta, ka dai ajiye bokiti da tsumma a ƙasa.

Wankin filta kuwa ko yaro ɗan firamare zai yi in an nuna masa. Kashe wuta daga soket, ɗaga murfi, zaro su biyun, ruwan famfo da ɗan omo da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye a shanya a inuwa su bushe sosai a mayar. Ba ruwan zafi, ba rana mai ƙuna, robar tana lanƙwashewa. Littafin da ke zuwa cikin kwalin sati biyu-biyu yake cewa, kuma a gidan da ake turaren wuta kullum ko gidan da ke bakin titi ko lokacin hunturu da ƙura ke saukowa har kudu, sati biyun ma alfarma ce. 'Yan uwanmu na Fatakwal su kam sun fi kowa sanin wannan, tun wajen 2016 da baƙin tokar nan ta fara sauka a garin, filta fara tas kwana kaɗan take komawa kamar gindin tukunya.

Yanzu ga abun da ni kaina sai da na zo Legas na gane shi da kyau. A Kano cikin watan Afrilu zafi yana kai digiri 40 amma iskar a bushe take, ka yi zufa ta bushe, ka wanke riga kafin ka gama cin abinci ta bushe ƙayau. A Legas da wuya ma'auni ya kai can, yawanci talatin da ɗan wani abu ne, amma iskar a jiƙe take sharkaf, danshi yana haura kashi 80 cikin ɗari musamman da damina, zufa ta fito ta rasa inda zata je ta tsaya maka a jiki kamar an shafa maka koko. Don haka AC a nan aiki biyu yake yi, yana rage zafi yana kuma matse ruwa daga iska, kuma na biyun shi ne wanda jikinka ya fi jin daɗinsa. Abun mamaki asalin na'urar ma don haka aka ƙirƙire ta. Willis Carrier, wanda sunansa ke jikin wasu AC har yau, a 1902 ya haɗa ta farko don wata maɗaba'a a Brooklyn ta Amurka, ba don ma'aikata su ji sanyi ba, takarda ce danshi yake sa ta kumbura ta motse launuka su ƙi hawa daidai. Sanyin daga baya aka ga ashe shi ma abun sayarwa ne.

AC mai hos ɗaya da rabi, hos shi ne yadda ake faɗin ƙarfin AC a kasuwa, a ranar da garin ya jiƙe yana iya tatso lita ɗaya ko fiye a awa guda. Lissafa dare ɗaya, bokiti ne guda. Ruwan nan dole ya sami hanyar fita, kuma kusan rabin wahalar AC a garin nan labarin inda ruwan nan ya bi ne. Yana taruwa a wani ɗan kwatami a ƙasan na'urar ciki ya bi siririn tiyo ya fita waje, babu famfo babu komai, gangara ce kawai ke tafiyar da shi. In mai sawa ya kafa na'urar a karkace, ko ya huda bango ramin ya kalli sama maimakon ya ɗan sunkuya waje, ko tiyon ya yi ciki a tsakiya kamar igiyar shanya, ruwa zai dawo ya biyo bango, kaga fenti yana kumbura yana ɓarewa, in gado na ƙasa katifa ta sha. Kuskuren da na fi gani shi ne a tsoma bakin tiyon cikin jarka ko bokiti don tara ruwa, ruwan ya taso ya rufe bakin, iska ta toshe hanya, sai a kira ni wai AC yana fitsari a ɗaki. Tara ruwan ba laifi, yana goge tayil yana ban ruwan fulawa, amma bakin tiyon ya tsaya a sama yana ɗiga. Sha kuma a'a, kar ganin ya yi garai-garai ya ruɗe ka, ta kan ƙura da fumfuna ya biyo. Kuma kar a bar shi ya yi kududdufi a bayan taga, gidan haya ka gina wa sauro kyauta.

Ko an sa komai daidai, da tafiya ta yi tafiya wani yauƙi yana fitowa cikin tiyon, haɗin ƙura da gansakuka, kamar miyar kuɓewa da ta kwana, shi ke toshe shi. Na sha hura tiyo ya tofo min gudan abun nan tsawon yatsa a kan takalmi, sai kaji ruwa ya ɓalle shaaa kamar an buɗe famfo. Maganinsa duk bayan wata ɗaya ko biyu in ka cire filta ka tsiyaya ruwa kofi biyu a hankali cikin kwatamin, wani ya tsaya waje ya ga ko yana fita da gudu. In yana ɗiga da ƙyar to an kusa.

Sai wari. Wannan warin na safa da ta jiƙe da ke bugo ka da zarar an kunna, mutane su yi ta fesa turare a bakin AC, wasu har su rataya masa tsumma mai turare, warin ya haɗu da ƙamshi ya zama wani abu na uku da ya fi na farko muni. Ka ɗauki tocilan ka leƙa ta inda iska ke fitowa, akwai wata doguwar fanka kamar gora a kwance, in ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikinta fumfuna ce, kuma ita kuke shaƙa ku da yara duk dare, shi ya sa atishawa da toshewar hanci basa ƙarewa a gidan, mai asma kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Tana samun wurin zama ne saboda ana kashe AC ciki a jiƙe a rufe ɗaki a fita. Kafin ka kashe da safe ka mayar da shi kan fanka kawai na minti ashirin zuwa talatin cikin ya bushe, wutar da zai ci ba ta taka kara ta karya ba. Wadda ta riga ta kama kuwa sai an yi wankin gaske, a sa leda a ƙasa a wanke ƙarafunan da fankar da ruwa mai ƙarfi, wannan aikin mai gyara ne, a garin nan ni sau biyu a shekara nake ba mutane shawara, kafin ruwa ya sauka sosai da kuma bayan hunturu. Ka tsaya a kansa lokacin da yake yi, wasu filta kawai suke ɗaurayewa su goge murfi su ce sun yi sabis.

Tunda ana maganar danshi bari in tsoma wannan. Kula ɗin nan mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara fanka na hurawa, mutanenmu suna sayo ta daga gida su ɗoro a mota har Legas saboda sun ga aikinta a Kano ko Sakkwato da bazara. A can tana yi, don iskar tana jin ƙishi, tana shan ruwan ta yi sanyi. A nan iskar ta ƙoshi, ka ƙara mata ruwa ɗakin ya koma kamar banɗaki bayan wanka da ruwan zafi, takalman fata da manyan riguna a wadrob su fara furfura. Fanka ta yau da kullum ta fi ta amfani a nan nesa ba kusa ba.

Wani kuskuren na masu kuɗi ne. Alhaji zai ce ɗakinsa ƙafa 12 ba 12 ne amma hos biyu yake so, "wanda zai daskarar da ni." Na ce Alhaji hos ɗaya ya ishi ɗakin nan, in saman bene ne rana na dukan bango da yamma a sa ɗaya da rabi, ya ce kai dai sa abun da na ce kuɗina ne. Abun da ke faruwa, babban AC yana sanyaya ƙaramin ɗaki cikin minti biyar kwamfireso ya tsaya, bai yi aiki ya daɗe da zai matse ruwan iskar ba, sai ka sami ɗaki mai sanyi amma a jiƙe, zanin gado yana danƙo kamar bai bushe ba, mutum yana rawar ɗari yana kuma jin jikinsa na manne. Ga tashi da tsayawa da kwamfireso ke yi kowane ɗan lokaci, wanda shi ke gajiyar da shi ya kuma fi jan wuta. A kasuwa abun da ake kira hos ɗaya wajen BTU 9,000 ne, BTU shi ne ma'aunin ƙarfin sanyayawa, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000, lambar tana jikin takardar da ke manne a gefe, ita zaka duba ba bakin mai shago ba. Ƙarami fiye da kima shi ma matsala ne, falo guda da ƙofa a buɗe zuwa kicin an liƙa masa hos ɗaya, zai yi ta gudu ba hutu har ya mutu.

Ga kuma digiri 16. Kowa ya ɗauki rimot sai ya danna har ƙasa, wai don ya yi saurin sanyi. AC na gargajiya gudu ɗaya ya sani, ko ka sa 16 ko ka sa 25 iskar da ke fitowa ɗaya ce, lambar kawai tana gaya masa inda zai tsaya ya huta ne. Ka sa 16 a Legas ka ce masa kar ya huta kenan har abada, don ɗakin ba zai taɓa kaiwa can ba, sai mutum ya ja bargo ya lulluɓa, yana biyan kuɗin sanyi yana ɓuya daga sanyin. Indiya da ta fi mu yawan jama'a tun farkon 2020 ta sa doka sababbin AC su riƙa fitowa daga kamfani a saite kan 24. Tsakanin 24 da 26 tare da fankar sama tana juyawa a hankali, wallahi barci har da minshari. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024 daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan yunit ɗaya mutane suka fara saurarona a kan wannan. Hos ɗaya da rabi in kwamfireso bai tsaya ba yana cin yunit ɗaya da ɗoriya a awa, awa takwas wajen yunit 9, a wancan farashin naira dubu biyu kenan a dare ɗaya, ɗaki ɗaya, wata ya zagayo dubu sittin. Duk mintin da ya huta aljihunka ne ya huta. Kuma akwai wani maɓalli a rimot da kusan babu mai taɓawa, mai alamar ɗigon ruwa. Ranar da aka wuni ana ruwa a watan Yuni ko Yuli, gari ba zafi amma jiki na danƙo, shi zaka sa, fanka ta rage gudu na'urar ta mai da hankali kan tsotse danshi. Sauran kuma sanin kowa ne, a rufe ƙofa da taga, a toshe ƙasan ƙofa, a saki labule mai kauri ta ɓangaren rana, ramin da fayif ya bi ta bango a cike shi, in ba haka ba unguwa kake sanyayawa, ɓeraye kuma sun sami ƙofa.

Wasu matsalolin tun ranar da aka sa AC aka shuka su, sai bayan shekara ɗaya ko biyu su tsiro. Babbar cikinsu rashin zuƙe iska. In an gama ɗaura fayif, kafin a saki gas, akwai ɗan injin da ake haɗawa ya zuƙe iska da danshin da ke cikin fayif ɗin, aƙalla minti goma sha biyar ana kallon geji, a kashe a ɗan jira a ga ko allurar zata motsa. Da yawan masu sawa basu da injin ma, sai su ɗan saki gas ya yi fiit ya fita su ɗaure su ce ya kore iskar. A Kano da rani wataƙila ka sha da wannan, a nan iskar da ta rage a ciki ruwa ce, ta haɗu da man kwamfireso, musamman man sababbin AC da ke shan danshi kamar soso, a hankali ya zama asid yana cin wayoyin cikin kwamfireso, wata rana ya ƙone ka ce kamfanin ne basu iya ba. Kafin ku yi ciniki ka tambaye shi yana da injin bakyum, in ya yi dariya ya ce ba sai da shi ba, nemi wani, ko da ya fi tsada. Haka baƙin soson da ake naɗe fayif da shi, kowane fayif da nasa, har ƙarshe, ba a bar tsirara ko taƙi ɗaya ba, don fayif mai sanyi a iskar Legas zufa yake yi kamar kwalbar lemo daga firij, in ta cikin silin ya bi sai dai ka ga taswira ta fito a POP.

Gas ɗin ma iri-iri ne kuma ba a gauraya su. Tsofaffin AC R22 suke sha, wanda ake janyewa daga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama, ƙasashe irin tamu an tsara su kusan gama barinsa zuwa 2030, shi ya sa ban ba kowa shawarar sayen tokumbo mai R22 yanzu ba komai arharsa. Sababbi R410A ne ko R32, ƙarfin matsinsu ya fi na R22 da fiye da rabi, mansu daban, R32 kuma yana iya kama wuta in ya sami dalili. Sunan gas ɗin yana rubuce a jikin na'urar waje, ka karanta, ka kuma karanta jikin tulun da aka zo da shi. Abu ɗaya da zan roƙe ka da girman Allah, in ka ga mai gyara ya jawo tulun iskar masu walda zai hura a fayif don neman yoyo, ka hana shi ko da faɗa ne. Oksijin da mai a cikin matsi bam ne. Naitirojin ake amfani da shi.

Na'urar waje kuwa marainiya ce, tunda ba a ganinta ba a tuna ta. Duk zafin da aka kwaso daga ɗaki ita ke zubar da shi, tana buƙatar iska ta shiga ta baya ta fita ta gaba. Saboda ɓarayin jan ƙarfe sai a yi mata keji, wannan dole ne a wasu unguwanni ban hana ba, amma a yi na sanduna mai faɗi da ƙofar da za a buɗe a wanke, ba a rufe ta da faranti kamar akwatin kuɗi ba. Na ga wadda aka manna da bango ba ko tafin hannu a tsakani, na ga wadda aka jera uku a wani lungu kowace tana hura wa 'yar uwarta zafi a baki, na ga wadda aka ajiye janareto a gabanta hayaƙi da maiƙo suna shiga kai tsaye, na ga wadda aka mayar wurin shanya tawul. Masu zama kusa da teku, Lekki da Ikoyi da Apapa, ku naku ƙarin shi ne gishirin da ke cikin iska, yana cin siraran ƙarafunan nan har su riƙa marmashewa a hannu kamar busasshen ganye, ƙafafun da aka kafe ta a bango su ma tsatsa ta cinye su. A kashe wuta a watsa mata ruwan famfo mai daɗi a hankali duk wata, ban da wurin wayoyi, a kuma riƙa duba ƙafafun nan kafin wata rana ta sauko kan motar maƙwabci.

Sai wuta, wadda ita kam ba laifinmu ba ne amma mu ke biya. Ya kamata ta zo volt 230, amma da daddare in kowa ya kunna kaya na sha sa mita a soket in ga 170 ko ƙasa. Kwamfireso in wuta ta yi rauni gurnani yake yi ya kasa tashi, yana jan wuta fiye da kima yana zafi. In kaji na'urar waje ta yi huuum ta yi ƙas ta yi shiru, ta sake, ta sake, tashi ka kashe, kar ka kwanta kana fatan zata kama. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace ko ɗan akwatin nan mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa ya kuma jinkirta dawowa, kuɗinsu bai kai na kwamfireso ba. Jinkirin nan yana da dalili, in AC ya tsaya yana son kamar minti uku matsin gas ya daidaita kafin ya sake tashi, amma mu nepa na ɗaukewa yaro ya ruga ya tada inji ya juya canji cikin minti ɗaya AC na kunne. A kashe AC tukuna, inji ya daidaita, sannan a kunna. Kuma AC layinsa daban yake so daga akwatin fis, waya mai kauri 2.5mm ga ƙanana, 4mm ga hos biyu, da wayar ƙasa, ba a soka shi a ekstenshan ɗin da ake cajin waya ba. In ka taɓa filogi kaji zafi ko kaga soket ya fara baƙi yana warin roba, gobara ce take sallama.

Ni ma na taɓa tafka tawa, shekarata ta farko a garin nan. Na je wani gida fankar waje tana juyawa kwamfireso baya tashi, na taɓa shi zafi zau, na ce wa maigidan ya ƙone sai sabo. Mutumin nan ya yi shiru ya ce bari ya nemi kuɗi. Da na koma shago na ba wani dattijo da muke zama tare labari, bai ko ɗago kai daga abun da yake yi ba ya ce "ka duba kafasita?" Ban duba ba. Washegari na koma da kunyata na buɗe murfin gefe, ga ta nan, 'yar gwangwani kamar ta maltina da ke ba kwamfireso ƙarfin tashi, kanta ya kumbura. Na canza, AC ya tashi kamar ba shi ba. Tun daga ranar duk wanda aka ce masa kwamfiresonsa ya mutu ina ce masa a gwada kafasita a gabansa tukuna, ya kuma ji bakin mutum na biyu. Amma kar ka buɗe da kanka, gwangwanin nan yana riƙe wuta ko bayan an cire filogi. AC mai inbata kuma, wanda kwamfiresonsa ke rage gudu maimakon tsayawa, yana rage shan wuta da gaske kuma yana tashi a hankali ba ya girgiza janareto, sai dai bod ɗinsa, allon lantarkin da ke sarrafa shi, ba ya son wasa, tsawa ko wuta mai ƙarfi tana kashe shi, tsaka ma tana shiga neman ɗumi ta kwanta a kai ta haɗa wuta, na sha buɗewa in tarar da ita a soye.

Ɗumama ɗaki ba matsalar Legas ba ce, abun da muke da shi mai zafi hitar wanka ce, ita ma ana mata ganganci. Akwai ɗan bawul a jikin fayif ɗinta da ke ɗiga lokaci-lokaci, aikinsa kenan, yana rage matsi in ruwa ya yi zafi, sai wani ya ga ɗigon ya dame shi ya sa a toshe. Ranar da abun da ke yanke wutar ya lalace ruwa ya yi ta tafasa babu mafita, tankin fashewa zai yi. A sa masa tiyo ya zuba a magudana, a tabbatar hitar tana da wayar ƙasa, in kaji famfo yana ɗan cizon hannu kar wanda ya sake wanka sai an duba. In kuma an je gida da hunturu, ko Jos inda sanyi ke shiga ƙashi, kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta yana kashe mutane, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, barci kawai zai yi nauyi. Irinta ce janareto ke fitarwa, don haka shi ma ba a kwana da shi a baranda a rufe ko ƙarƙashin taga.

Masu tashi daga haya, kar ku bari masu kwasar kaya su kwance AC da filaya. Akwai yadda ake tara gas ɗin gaba ɗaya ya koma na'urar waje, ana kunna shi a rufe bawul ɗin siririn fayif a ɗan jira a rufe na babban a kashe, sannan a kwance a toshe bakunan fayif da leda da salatif kar danshi ya shiga, aikin minti biyar ne ya cece ka kuɗin ɗuri. In kuma tafiya zaku yi gida Sallah ko wani dogon zama, a wanke filta, a bar shi kan fanka awa ɗaya ko biyu ya bushe ƙarau, a kashe daga bango, a cire batirin rimot don yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki, ƙofofin wadrob a bar su a buɗe. Bara wani bawan Allah ya dawo daga Katsina bayan sati shida, ya kunna AC ya ji ƙara kwas-kwas-kwas ya kira ni a guje wai kwamfireso, na buɗe na tarar ɓera ta shigo ta ramin fayif ɗin da na ce masa ya toshe tun farko, ta tara tsummoki ta haihu a bayan fanka, guda biyar.